Tukwanen da Na Fasa a Yankara

Ni mutum ne da ba ya sayen ƙwan zabi sai ya tsoma shi a ruwa. Uwargidana kan ce ko ruwan sama aka yi, sai na leƙa na tabbatar daga sama ya zo. To, ni ɗin nan ne na sayi babur a Ƙanƙara don zirga-zirgar sayen hatsi daga Pauwa zuwa kasuwannin Faskari da Sabuwa, aka ce mini sai na yi inshora.

Mai inshorar yana zama a wata 'yar rumfa a bakin titi. Ya cika fara'a, kuma tun daga nan na fara zarginsa. Ya ce iri biyu ce. Akwai mai tsada, wadda za ta gyara mini babur in ya lalace. Akwai kuma wadda hukuma ta wajabta, ita babu ruwanta da babur ɗina, sai dai in na yi wa wani ɓarna kamfani ya biya shi.

Na ce, "Wani wa?"

Ya ce, "Kowa ma, Malam. Duk wanda ka buge ma kaya."

"Ka san shi?"

"A'a."

"Ni ma ban san shi ba. To mi ya haɗa kamfaninku da kayan mutumen da ba ku ko gaisa ba?"

Ya yi dariya har da buga gwiwa. Na zaɓi ta biyun, ba don na yarda ba, sai don 'yan sanda su riƙa barina ina wucewa. Na gaya masa duk ranar da wani abu ya faru, shi da kansa zan ɗauko. Ya ce ya yarda. Saurin yardar ma bai yi mini ba.

Abin ya faru ne da kaka, ranar kasuwar Yankara. Na ɗauro buhun masara a baya, akuya ta gifta, na kauce mata, na afka cikin tukwanen wata tsohuwa da ke zaune a bakin kasuwa. Randuna, tuluna, kasake, babu abin da ya tsira sai ɗan murfi guda. Har yau ina jin ƙarar nan a kunnena.

Mutane suka taru, aka ɗaga ni, aka yi mini sannu. Tsohuwar ta dubi tsingaron da ke gabanta, aikin makonni, ta ce, "Na yahe, ɗana. Allah shi kiyaye gaba."

A wajenmu kowa ya san yadda ake yi. Mai kaya ya ce ya yafe, mai ɓarna kuma ya koma gefe ya sami dattijo, ya ba shi wani abu a kai wa mai kayan ba tare da an ambata ba. Na san haka sarai. Amma a ranar zuciyata tana can rumfar Ƙanƙara, ina murnar yau zan gane ko mutumin nan macuci ne.

Na durƙusa na ce, "Inna, kada ki yahe. Kamfani zai biya ki. Za a zo a ɗauki hotonki da na tukwanen, a rubuta sunanki da ƙauyenku, ƙila 'yan sanda su sa hannu."

Ta ja mayafinta. Ta ce, "Kamfanin ya san ni?"

"A'a, Inna."

"To mi ya haɗa shi da tukwanena?"

Sai na ji kaina ina yi mata fara'a, irin wadda aka yi mini.

Ran kasuwa ta gaba na goyo mai inshorar tun daga Ƙanƙara, ina lura da shi ta madubi ko zai ƙirƙiro uzuri. Bai ƙirƙiro ba. Muka iske wurin tsohuwar fayau, an share ko tsingaro babu. Na tambayi mai tabarmin da ke zama kusa da ita. Ya dube ni, ya dubi baƙon da ke riƙe da waya, ya ce, "Wace tsohuwa?" Duk wanda na tambaya amsar ke nan. Ban ga laifinsu ba. A zamanin nan, baƙon da ke neman sanin ƙauyen wani ba a nuna masa hanya.

Mai inshorar ya ce in babu mai kaya, babu biya. Na ƙura masa ido in ga ko ya ji daɗi. Ina jin na ga alama, amma ba zan rantse ba. Har gobe ban san ko kamfanin zai biya ba.

Na yi ta komawa duk kasuwa. Na miƙa wa mai tabarmi abin da ya kamata in bayar tun ranar farko don ya kai mata, ya ƙi karɓa. Sai da damina ta zagayo, wani mai igiyoyi ya riga ya gaje wurin tsohuwar, sannan mai tabarmin ya tausaya mini ya yi magana.

Ya ce, "Malam, tukwanen ta yahe maka tun rannan. Kasuwar ce ka raba ta da ita."