Muryar Ƙanwata a Kasuwar Kusada

Mun tashi da asuba daga Katsina, ana sallame salla, ni da wani abokina mai tsohuwar mota wadda ba ta tashi sai an tura. Ni na tura. Ba yawon buɗe ido na fita ba, kada wani ya zo ƙasan rubutun nan yana cewa in sa hotuna. Kusada na nufa, in ƙwato muryar ƙanwata daga bakin lasifika.

Ga waɗanda ba su san ni ba, ni mai faci ne a bakin titi. A aji biyu na sakandare na tsaya, ba don kaina ya toshe ba, sai don mahaifinmu ya kwanta ciwo, aka duba gidan aka ga ni ne babba. Na aje jaka na ɗauki fartanya, daga baya na koma famfon taya. Ƙanwata ita ta wuce. Yau farfesa ce, tana can ƙasar waje cikin ɗakin bincike. In kun ce abin yana mani ɗaci, yana yi, ban taɓa ɓoyewa ba. Amma karatun nan, nata da nawa aka haɗa aka yi shi. Shi ya sa ba wanda zai zuba shi cikin jarka ya girgiza ina raye.

Aikinta a kan sukari yake, amma ba na shayi ba. Yadda ta yi mani bayani, kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum tana sanye da wata riga ta sukari iri-iri. Da ita suke gane juna, da ita suke sanin wanda za su buɗe wa ƙofa. Ita kuma ƙoƙarinta ta naɗe gyararren saƙon gado, irin wanda jiki ke gada daga iyaye, cikin irin sukarin da ƙwayar ta sani, don ta karɓe shi ta shigar ciki, yadda muke cusa wa akuya magani cikin dusa. Tun tana budurwa take kan abu ɗayan nan, yanzu furfura ta fito mata. Ta rubuta takardun bincike da yawa, ta yaye ɗalibai, kuma har yau aikin bai wuce kwalaben gwaji da ɓeraye ba. Ita da bakinta take faɗa, ba ta jin kunya.

Bara da ta zo gida, wani gidan rediyo ya yi hira da ita da Hausa. Ta ce wata rana wannan hanya tana iya taimakon masu ciwon gado irin sikila. Ba ta ko numfasa ba ta ƙara da cewa ba a kai ga mutum ba tukuna, kada kowa ya bar asibiti. To, ɗan kawunmu sai ya yanki farkon maganar ya jefar da ƙarshen. Ya ɗaura lasifika a kan mota yana bin kasuwannin ƙauye, yana sa muryarta, yana sayar da wani jan ruwa a matsayin maganin Farfesa. Wani direba da ya tsaya faci wurina shi ya nuna mani bidiyon a wayarsa, yana ma taya ni murna, ya ce mai motar ba ya fashin kasuwar Kusada. Saura kaɗan in manne facin a yatsana.

Hanyar Katsina zuwa Kankiya na san ta kamar tsakar gidanmu. Ramukan da ke kanta abokan sana'ata ne, su ke turo mani ciniki, don haka ba zan zage su ba. Damina ta yi kyau bana. Gero ya fid da kai dama da hagu, dawa na biye da shi, wake ya shimfiɗa a ƙasa. A Caranci muka tsaya muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya tsuke har sai ka haɗa biyu kafin haƙori ya san an zo, mai suyar kuma ta ce in tambayi masu man gyaɗa. Abokina kuwa tun daga gidan mai yake ƙunƙuni, duk gangaren da muka samu sai ya kashe mota ta tafi da ikon Allah. A shingen jami'an tsaro an leƙa mu an ce mu wuce. Ko su sun ga babu abin tatsa.

Mun shiga Kankiya hantsi bai yi zafi ba. Nan aka haife ni, nan kuma na binne ɗana na fari, wanda sikila ta ɗauke yana aji uku na firamare. Na ce abokina ya rage gudu da muka zo daidai maƙabarta, na yi addu'a ta taga. Daga nan sai gidan Kawu, ƙanen mahaifiyarmu, don ban so a ce na tsallake babba na je na kama ƙarami.

Na same shi a zaure a kan buzu, aka kawo fura mai sanyi, damun gidan da na sani tun ina yaro. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, sannan ya yi murmushi.

“Yo kai, ba taubasai kuke ba? In bai taɓa kayanku ba, na wa zai taɓa? Yaron nan abinci yake nema. Ruwan nan ko mazarƙwaila ce da citta da kanumfari, ba ta kashe kowa.”

Na ce, “Kawu, ita ba ta kisa. Barin asibiti ke yi.”

Ya ce, “Na dai hwaɗa maka, kar ka je ka kwance mana zane a kasuwa.”

Kun san dokar taubasai, ɗan mace da ɗan namiji. Ya ɗauke maka hula, ya shanye maka fura, ya zage ka gaban surukanka, kai kuma dole ka yi dariya. Wanda ya fara fushi shi ya faɗi, shi dangi za su yi wa faɗa. Da wannan doka ɗan kawuna ya ci ni tun muna yara, ni kuma na yi ta dariya. Na shanye furata, na yi godiya, ban ce na ji ba, ban ce ban ji ba.

Daga Kankiya muka karkata zuwa Kusada. Hanyar ta fi ƙunci, kuma ranar kasuwa ce, sai muka shiga jerin masu babura. Na ga wani ya ɗauko akuya biyu da buhu da tsohuwa a babur guda, tsohuwar kuma ita ke riƙe da kaji. Matan Fulani na tafe gefen titi da ƙwaryar nono, masu amalanken shanu ba su san da wani abu wai shi hon ba. Inda ruwa ya ci gefen kwalbati sai da na sauka na sake turawa, wani manomi ya bar nomansa ya kama mani, bai ko tsaya an gode mashi ba.

Kasuwar ta cika. Ga masara gasasshiya, ga dafaffiyar gyaɗa, ga tsire yana ƙamshi, kowa kuma kuka ɗaya yake, kaya sun yi tsada. Ban sayi komai ba. Tun daga bakin kasuwa na jiyo ta. Muryar ƙanwata ce, wadda na goya, wadda na raka makaranta a bayan keke, tana fita daga lasifika mai tsatsa tana cewa wata rana za a taimaki masu sikila. Daidai nan sai a datse, kiɗa ya shigo, sai a sake maidowa farko.

Na kutsa cikin taron. Ɗan kawuna na tsaye a bayan mota cikin farar rigar likita, shi da ko allurar kaza bai iya ba. Kwalabe jere, an manna hoton ƙanwata a jikinsu. A gabansa wata mata ce da ɗiyarta a kafaɗa, yarinyar ta wuce goyo amma ba ta iya tsayuwa. Idonta ya yi ɗorawa, yatsunta sun kumbura. Na san idon nan. Shekaru na yi ina kallon irinsa a ɗakina. Na tambayi uwar daga ina, ta ce Bauranya. Na ce ana kai yarinyar asibiti? Ta ce da ana kaiwa, amma tun da aka samu na Farfesa sun huta.

Sai ɗan kawuna ya hango ni. Maimakon ya tsorata, sai ya washe baki ya ɗaga makirfo.

“Jama'a, ku ba shi hanya! Ga bawana ya iso! Wanga da kuke gani baƙi ƙirin da man taya, yayan Farfesa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta kwashe ƙwaƙwalwar gidan, shi aka bar mashi iska yana hurawa!”

Kasuwa ta kwashe da dariya. Nan ne ya kamata in rama da tawa baƙar maganar, a tafa, a wuce. Ya san haka, shi ya sa ya miƙo mani makirfon ya ce, “Zo, bawa, shaida masu da bakinka.”

Na karɓa. Ban yi dariya ba. Na ce ya kashe kiɗan, ya kashe yana ƙyafta mani ido. Na ciro wayata, inda cikakkiyar hirar take tun bara, na kara ta a bakin makirfo. Muryar nan dai ta sake fita, amma wannan karon ta kai ƙarshe: ba a kai ga mutum ba tukuna, babu wani abin sha ko na shafawa da ya fito daga hannunta, kada kowa ya bar asibiti. Na maimaita masu wurin har sau biyu.

Sannan na ce, “Ni yayanta ne, bai yi ƙarya ba. Ɗana yana kwance a maƙabartar Kankiya, sikila ta kai shi. Da ƙanwata na da magani, ku za ta fara ba ko ni? Wannan mazarƙwaila ce. Mai so ya saya ya dama koko.”

Ɗan kawuna ya matso ya rage murya.

“Kai, wasa ne fa. Ka ɓata wasa.”

Na nuna mashi yarinyar na ce, “Ita ma taubashiyarka ce?”

Kada ku ɗauka kasuwa ta watse a kansa, ba haka aka yi ba. Wasu sun dire kwalaben sun tafi, wasu sun yi ta zaginsa, wani dattijo kuma ya ce hassada ce irin ta dangi, ya sayi biyu a gabana. Ni dai na tsaya na ɓamɓare hoton ƙanwata daga jikin kowace kwalba da farcena, yana kallo bai hana ni ba. Matar Bauranya ta daɗe tana juya tata kwalbar a hannu, sannan ta aje. Muka ɗauke su a mota, ita da ɗiyar da wani ɗan'uwan mijinta, muka sauke su a ƙofar asibitin Kankiya. Abokina bai kashe mota a gangare ko sau ɗaya ba.

Labari ya riga mu isa gidan Kawu. Na yi sallama a zaure, aka leƙo aka ce yana barci. Buzunsa na nan da ɗumi, carbinsa a kai. Ba a kawo fura ba. Na ce a gaishe shi in ya tashi, na fito. Gidan su mahaifiyata ke nan, kuma na san ko an yi biki bana ba za a aiko mani goro ba. Ya yi mani zafi, amma ko yanzu aka maida ni bakin kasuwar, makirfon zan karɓa.

Mun shigo Katsina ana kiran magariba. Na kira ƙanwata na ba ta labari. Ta ce, “Yaya, ka jawo wa kanka.” Na ce na saba. Na tambaye ta ɓerayenta, ta ce gwajin wannan karon ma bai yi ba, saƙon ya shiga amma bai zauna ba, za su sake daga farko. Na ce ta sake.

Abin da tafiyar nan ta koya mani ba shi da yawa. Dariyar dole ma tana da inda ya kamata ta tsaya, ko da dangi za su juya maka baya. Kuma na gane abin da na saya da karatuna. Ban sayi magani ba, ɗana ma bai samu ba. Mace na saya wadda ta yi furfura tana cewa “tukuna” alhali ƙarya ta fi kawo kasuwa. Wannan kalmar tata na je na maida inda aka yanke ta. Da safe na buɗe rumfata na ci gaba da hura iska.