Ruwan da Aka Gano a Bayan Ɗakina

Ƙauyenmu yana gefen Illo, inda in ka ɗaga murya mutanen Benin za su amsa maka. A shekarun da aka kawo Shari'a rijiyoyinmu suka ƙafe, sai ga masu neman ruwa daga Bagudo a kan babura. Suka kafa turakun ƙarfe tun daga bakin masallaci har bayan dangata, suka ja waya.

Da la'asar mai gari ya shigo da babbansu. Mutumin ya ɗora kwamfuta a kan turmina, bai ko tambaya ba. Wai ƙarƙashin garinmu ne a ciki, an yanko shi kamar kabewa: jar ƙasa, laka, dutse, sai wani shuɗi kwance cikin tsagar dutsen. Ya sa yatsa, ƙasar ta juya, muka gan ta ta gefe, muka gan ta ta gindi.

Ya ce, "Inna, ga ruwan. Duk garin ga nan kaɗai dutsen ya tsage."

Nan ɗin kuwa bayan ɗakina ne, gindin lalle, inda na binne mabiyiyar duk ɗan da na haifa. Waɗanda suka koma ban san kabarinsu ba, mace ba ta bin gawa. Wurin nan kaɗai gare ni.

Na ce, "Ɗan nan, juya ta in ga ajiyata."

Ya juya, ya juya. "Inna, ba ta nuna ƙananan abubuwa."

"To makauniya ce, sai tsinin ido."

Mai gari ya yi dariya. "Gwaggo, bakin ga naki! Liman dai ya ce in kin ba da wurin a haƙa, sadaka ce mai gudana."

In ce a'a, a ce tsohuwa ta hana Musulmi ruwa? Ni da ba a taɓa jin sunana a bakin tsegumi ba? Ɗiyata da ke aure a ƙetaren iyaka ta aiko in koma wurinta. In tafi in bar wa wa ajiyata?

Aka tuge dangar, aka dawo da ita dab da ɗakina. Inji ya haƙa, ruwa ya fito, mai daɗi kuwa, ba zan yi masa ƙarya ba.

Yanzu tsakar gidana tabarma biyu ce. Ina zaune ina leƙe ta kafar danga, ina ce wa masu ɗiba, "Ke, bi ta hagu, kar ki taka nan." Sukan duba ƙasa, su ga siminti, su ce, "Mi aka zubar, Inna?"