Faifan da Na Hana Kai Miskine

Ina roƙon masu karatu su yi mini afuwa idan na gauraya wasu abubuwa, domin an jima, kuma rikice-rikicen shekarun nan sun haɗe mini a kai. A lokacin na gama jami'a ke nan a Bangui, ba aiki, ina taya mahaifina zama a shagonsa na atamfa a unguwar Kilomita Biyar. Mutum ne ni mai tsoron kuskure, ba na taɓa abu sai na karanta shi tun daga farko.

Wani malaminmu da zai bar ƙasar ya bar mini faifan sidi guda. A cikinsa akwai yaren PHP da ake rubuta shafukan intanet da shi, da cikakken bayaninsa da Faransanci, da misalai masu yawa. Intanet a lokacin sai a kafe, wato shagon haya, shafi ɗaya ma sai ka gaji da jira, don haka iya sanina babu irin faifan a unguwarmu. Muna da tsohuwar kwamfuta a ƙuryar shago. Na gayyaci wani abokin karatuna ɗan unguwar Miskine mu koya tare, kuma ina jin da zuciya ɗaya na gayyace shi.

Ni ina bin bayanin babi-babi, shi kuwa sai ya buɗe misali ya lalata shi, ya yi ta gyara har ya tashi. Yana kirana Malam Wataƙila, wai ko ruwa za a ba ni sai na nemi littafinsa. Ina dariya, amma abin na ci na. Kafin in kai rabi, ya fara haɗa wa wani kantin magani tsarin lura da kaya, sun ce in ya kammala za su ɗauke shi aiki. Ranar da na ji Baba bayan sallar Juma'a yana nuna shi ga 'yan kasuwa a ƙofar Masallacin Koudoukou, yana cewa ɗansa ne na biyu, ban iya cin abincin rana ba. Faifan nawa ne, kwamfutar tamu ce, yabon kuma nasa.

'Yan kasuwarmu suna da al'ada: da an ji ƙishin-ƙishin sojoji za su yi tawaye, sai a rarraba kaya gidajen maƙwabtan da ba 'yan kasuwa ba, domin shago da gidan attajiri ake fara fasawa. Gidan su abokina ya saba karɓar mana atamfa. Da jita-jita ta yi ƙarfi, Baba ya ce a ɗora kwamfuta da faifan a amalanke a kai can. Da abokina ya ga ina jan ƙafa sai ya ce mini, yana kirana ita, wato ɗan'uwa da yaren Sango, ko faifan kaɗai in ba shi ya kwafa a wurin wani mai hoto da ke da injin kwafa. Abin da na hango shi ne kwanakin dokar hana fita: ni ina kulle a gidanmu na unguwar Yakité hannu wofi, shi yana can yana ƙara wuce ni. Sai na ce faifan zai iya karcewa, na kuma ce wa Baba na samo wuri mafi tsaro. Na tura kwamfutar da faifan ƙarƙashin buhuna a shago na rufe.

Da muka dawo shago bayan rikicin ya lafa, an wawashe komai, ko ƙyauren ba mu tarar ba. Atamfar da ke Miskine ta dawo cif, ko turmi ɗaya bai ɓata ba. Aikin abokina duka yana cikin kwamfutar, kuma mai kantin bai jira shi ba. Bai zage ni ba. Ya tambaye ni kawai ko wurin tsaron ke nan, daga baya na ji ya tafi Kamaru. Ni ma ban ƙara koyon yaren ba sai bayan shekaru.

Mai yiwuwa da an kai su can ma wani abu ya same su, na sha faɗa wa kaina haka, amma na san dalilina ba tsaro ba ne. Ina jan kunnen masu koyo a yau: duk darasin da ya zo hannunku ku kwafa wa na kusa da ku, ko da kun ga zai wuce ku. Wanda ya shaida abin nan kuma ya ga na kauce, ya aiko da gyara ta wannan mujalla. Idan shi ne da kansa, ko zagi ya aiko zan karɓa.