Gidan Saurona a Gindin Kanya

Jama'a, abin da zan faɗa muku a kaina ya faru, ba a bakin wani na ji ba, kuma wallahi a shekaruna na yanzu ba abin da zan ci da ƙarya. 'Yan shekaru ne bayan Turawa sun miƙa mulki, ina saurayi a Makarfi, ba ni da sana'ar da ta wuce aikin mazarƙwaila. Da kaka ta yi sai mu bi masu injin rake fadama-fadama, doki na jan inji, mu muna cusa rake, a dafa ruwan har ya yi kauri a zuzzuba a tasoshi. A shekarar wani dattijo mai inji, Malam Tanko, ya ɗauke mu aiki a wata fadama bayan ƙauyen Taba na ƙasar Kudan, ni da abokina Sale da wasu da na manta sunayensu. A fili ake kwana, gefen inji, don ba a barin doki da kaya su kaɗai a daji.

To, wanda bai taɓa kwana a fadamar rake ba bai san sauro ba. Ga danshi ga zaƙi, magariba na yi sai ka ji sun taso kamar an buɗe musu ƙofa. Abin da mutanenmu suka sani hayaƙi ne: a kunna busasshen kashin shanu, a ɗora ɗanyen ganyen ɗoɗɗoya, ka kwanta kana tari ido na hawaye, wuta na mutuwa su dawo su rama. Ni kuwa da gidan sauro na zo, fari ƙal, ba nauyi, in na naɗe shi a hammata nake saƙale shi. Kada ku ce gayu ne. Shekarar da ta wuce ƙanena Audu ya dawo daga irin wannan aiki da zazzaɓi, bai yi mako ba Allah Ya karɓi abinSa, malamin asibiti kuma ya gaya wa Inna cizon sauro ne sanadi. Ita ta sa aka sayo mata gidan sauron daga Zariya, ta kuma sa na yi mata alkawari ba zan kwana a fadama ba sai a cikinsa. 'Ya'ya maza biyu ta haifa, ni kaɗai na rage.

Ranar da muka sauka na duba inda zan ɗaura igiya, sai ga wata tsohuwar kanya a bakin ruwa, rassanta sun sauko daidai hannu. Na ɗaɗɗaura kusurwa huɗu, na shimfiɗa tabarma, na tura gefuna ƙarƙashinta. Ina cikin sha'awar aikina sai Malam Tanko ya taho daga wajen doki, ya tsaya turus.

Ya ce, "Kai yaro, kwance abin nan. Sari kara ka kafa naka can kusa da mu."

Na ce, "Baba, me ya yi zafi?"

Ya ce mutanen da, tun kafin karatu ya yawaita a ƙauyen, in mace na neman haihuwa ko wani yana da buƙata, farin ƙyalle ake kawowa a ɗaura a jikin kanyar nan, kuma duk farin da aka ɗaura an bayar ke nan, ba a kwancewa. "Ban ce ka yarda da shi ba, malamai sun hana, ni ma ban yarda ba. Amma mai karɓa ba a gaya masa an daina ba."

Ni fa a lokacin kaina ya fi dutse tauri. Na ce masa ni ban bai wa kowa komai ba, reshe na ara, kuma bishiya ta Allah ce. Ya dube ni ya ce, "To madalla," ya koma wajen dokinsa. Sale kuwa dariya ya dinga yi, wai ango ya shiga ɗaki ba amarya.

Daren nan na yi barcin da ban taɓa yi a fadama ba, ina jin sauro na kuka a waje ina musu dariya. Amma da asuba sanyin ƙasa ne ya tashe ni. Na buɗe ido na gan ni a kwance a turɓaya, nesa da tabarma kamar tsawon mutum biyu, jikina duk ya yi rudu-rudu da cizo. Gidan sauro yana nan a ɗaure, gefunansa a cushe ƙarƙashin tabarma tsaf, yadda sai wanda ke ciki ne zai iya cusa su haka. Na ɗaga na leƙa, ba kowa. Na taɓa tabarmar, wallahi da ɗumi.

Raina ya ɓaci, na tafi kai tsaye na ci kwalar Sale. Ya rantse har da cewa a kawo Alƙur'ani, shi tunda ya kwanta bai motsa ba. Ban yarda ba. Da dare na jera duwatsu a kan gefen gidan sauron ta ciki, yadda duk wanda ya ja zan ji. Gari ya waye, ga ni a turɓaya kuma, duwatsun nan an tara su wuri ɗaya a gindin kanya, an ɗora ƙarami kan babba.

A nan ne fa Sale ya daina dariya. Malam Tanko ya kira ni gefe ya ce, "Ɗan nan, bar masa. Zo ka kwanta cikin hayaƙi da mu, ai mu ma ba mu mutu ba."

Na ce, "Audu a cikin hayaƙi ya kwana, Baba."

Ya juya ya koma wajen inji. Ni kuma abin da ke cina ba tsoro ba ne, haushi ne. Ina kallon cizon da ke hannuna ina tuna fuskar Inna, ina cewa a raina, a ce tsohuwa ta yi ɗawainiya ta sayo abu don ta tsare ɗanta, wani ƙato da ba a gani ya zo ya miƙe ƙafa a ciki? Ko wane ne shi, sai dai mu yi ta.

A dare na uku na ci goro har haƙorana suka yi tsami, na yi alwala, na shiga na kwanta da addata ta saran rake a gefe, na ƙi barci. Shiru, shiru, ba komai sai kwaɗi da tarin mutanenmu can wajen hayaƙi. Sai da gari ya kusa wayewa, idona ya fara nauyi, na ji kukan sauro ya ɗauke ta bayana, ɗif. Doki ya yi haniniya sau ɗaya. Daga nan na ji an ɗaga gefen gidan sauro a hankali, an shigo, an mayar an cusa, tabarma ta yi ƙara, aka kwanta. Baya ya jingina da bayana. Sanyi gare shi kamar randa, kuma tsawonsa, inna lillahi, kafaɗarsa na daidai ƙeyata amma ina jin gwiwarsa a naɗe har wajen dugadugaina.

Sai murya ta ce, can ƙasa-ƙasa, irin ta tsohon da ya gaji, "Matsa."

An ce in ka ji ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, to ni ranar ya zo, ƙafa ce ta ƙi ɗaukata. Adda tana nan kusa da yatsuna amma hannu ya mutu. Na kama Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, na kai ƙarshe. Ina rufe baki na ji an ce, "Amin. To, matsa."

Ban san inda zuciya ta zo mini ba, wallahi har yau ban sani ba. Na ce, "Ba zan matsa ba. Tabarma tawa ce, gidan sauro na uwata ne, ban ba ka ba, ban kuma ba kakanka ba. In kwana za ka yi, kwanta inda kake. Amma ni ba mai sake fitar da ni."

Ina jiran a shaƙe ni ko a yi jifa da ni cikin ruwa. Sai kawai na ji ajiyar zuciya, sannan na ji ana susa, ƙarat, ƙarat, ƙarat, irin susar wanda sauro ya daɗe yana ci. A haka ladanin Taba ya kira salla, nauyin da ke bayana ya ɗauke, ban ji fitarsa ba.

Daga ranar ba a ƙara fitar da ni ba, shi ma kuma bai fasa zuwa ba. Rabin tabarma nawa, rabi nasa, ban taɓa juyawa na dube shi ba, bai ƙara yi mini magana ba. Ba zan ce muku na saba ba, ƙarya ne, kullum da addu'a a bakina nake kwana, na rame har wando na zamewa. Sale ya roƙe ni, Malam Tanko ya ce zai sallame ni in koma gida, na ce ba inda za ni sai an matse karan ƙarshe. Mutum biyu cikinmu zazzaɓi ya kwantar a kakar nan, ni ko ciwon kai ban yi ba.

Ranar tashi na je kwance igiya, ƙullin da na yi da hannuna ya ƙi kwantuwa, ya zama kamar a jikin reshen ya tsiro. Malam Tanko ya ce, "Ka ci nasara, ka fita lafiya, bar masa haka nan." Na ce abin Inna gida zai koma. Na sa adda na datse igiyoyin, na naɗe, na kai hannu zan ɗauka, sai na ji kamar buhun dawa. Abin da nake saƙalewa a hammata! Sale ya kama mini muka ɗora a kaina, yana salati yana ja da baya. Na taka, wuya na ƙara, gumi na zuba, ina cewa a fili, "Sai dai ka gaji, ni ba zan sauke ba." Haka na ratsa gonakin rake har na hau tudu inda fadama ta ƙare. Ina taka busasshiyar ƙasa nauyin ya zame daga kaina gaba ɗaya, har na yi taga-taga. Ban waiwaya ba.

Sai da na isa Makarfi na warware shi a tsakar gida don in wanke. Jama'a, rabi ne. An raba shi gida biyu daga sama har ƙasa, ɓangaren da yake kwanciya babu shi, bakin kuma ba yaga ba ne, an kalmashe an ɗinke da wani irin ɗinki sirit wanda na kai wa teloli uku a kasuwa, kowanne ya juya ya juya ya ce shi bai san allurar da ta yi wannan ba. Na haɗa bakin na mayar da shi ɗan ƙarami, na ci gaba da kwana a ciki a takure, shekara da shekaru, don ni dai ban yarda an ƙwace mini ba.

Da kaka ta zagayo Sale ya koma fadamar, ni na bi wani mai inji zuwa wajen Ikara. Da muka haɗu ya ja ni gefe ya ce, a can ƙololuwar kanyar, inda ko biri ba zai taka ba, akwai wani farin abu a ɗaure ta kusurwa huɗu, kuma da sassafe in ka ɗaga kai za ka ga tsakiyarsa ta lotsa.

Ni ban san ko wane ne ba, ban kuma nemi sani ba. Shawarata dai, in kwanan daji ya kama ku, ku shiga gidan sauronku, kada kowa ya hana ku. Amma ku sari karanku ku kafa da hannunku, kada ku ɗaura farin abu a bishiyar da ba ku tambayi tarihinta ba. In kuma cikin dare kuka ji kukan sauro ya ɗauke ta bayanku, kada ku juya.