Ogan ɗin Ogiwara-san

Ogiwara-san ya yi rayuwarsa a masana'antar kayan kiɗa ta garinmu, yana goge harsunan tagulla na cikin ogan har kowanne ya ba da sautinsa daidai. Da ya ajiye aiki sai ya sayo tsohon ogan mai fedar ƙafa da jerin maɓallai biyu, ya yi masa abin da ba a yi. Jerin ƙasa ya bar shi yadda kowa ya sani, taki goma sha biyu daga sautin do zuwa do na gaba. Na sama kuwa ya ɗaga shi rabin taki, ya zama kowane sauti ya faɗa tsakanin biyun ƙasa. Ya sha shekaru a kan wannan aiki, kuma ya gama shi a kan gaɓa, don kunnensa ya fara nauyi.

In ya danna maɓallai biyu a ƙasa, ɗaya a sama, haɗin da ke fitowa ba na murna ba ne, ba kuma na baƙin ciki ba. Da lambobi malaman kiɗa suke kiran irin waɗannan haɗe-haɗen. Shi kuwa suna yake raɗa musu. Akwai Shayi Ya Huce, akwai Jirgin Da Ya Wuce Ka. Wani mai tsami ya sa masa Kinuyo Tana Mita, wato ni, maƙwabciyarsa mai sayar da tofu, awarar waken suya.

Na ce, "Ogiwara-san, ka rasa wadda za ka tsokana sai ni?"

Ya ce, "To ki daina mana, in canza masa suna."

Ni da matarsa Tomoe muke rera masa duk Laraba. 'Yan unguwa dai sun ɗauka ogan ɗin lalacewa ya yi, kunya ta hana su faɗa.

Bara ya kwanta asibiti, Tomoe na jinyarsa, ni kuma na tafi suna wajen 'yata. Shimamura-san, shugaban unguwa, ya tara mutane suka yi shawarar kyautar sannu. Ya karɓi makulli a hannun Tomoe, wai za a yi shara, ya kawo gwanin gyara daga gari. Gwanin ya ji jerin sama ya kauce, ya zauna ya goge harsunan ɗaya bayan ɗaya har suka yi daidai da na ƙasa. Aiki mai kyau, wallahi, ba inda za ka kushe. Da na dawo na ji, sai da na zauna a dakalin ƙofa.

Ranar da aka sallamo shi 'yan unguwa duk suna falo suna murmushi. Ya zauna, ya taka feda, ya danna uku. Ya sake dannawa. Ya miƙe ya rusuna sosai, ya ce, "Na sa ku wahala. Na gode."

Shimamura-san ya ce, "Haba, ba komai! Yanzu ai ya dawo ogan."

Na buɗe baki, Tomoe ta taka mini ƙafa.

A al'adarmu, wanda ya warke shi ke bin gidaje da tukuici, abin da zai ƙare, don kada ciwon ya zauna. Ni na riƙe masa jakar sabulu. Kowace ƙofa ya rusuna ya yi godiya, ni kuwa zuciyata na tafasa. A hanya na ce, "Ka sake ɗaga jerin saman mana."

Ya taɓa kunnensa. "Da me?"

Laraba ta zo, ban yi niyyar zuwa ba, sai ga Tomoe ta leƙo shago. "Yana jiranki."

Na same shi a gaban ogan. Ya danna biyu a ƙasa, ya ce, "Kinuyo-san, sautin tsakiyan yana maƙogwaronki. Ba ni shi."

Na rera. Murya ta tsufa, numfashi ya gajarta, na laluba sama da ƙasa har na ji na faɗa gurbin. Tausayinsa ya kama ni, muryata ta yi rawa, na daure na riƙe.

Haka muke yi yanzu. Shi ba ya iya bambance ko na dace ko na kauce. Fuskar Tomoe yake kallo, sai ta gyaɗa kai sannan ya kira sunan haɗin.