Ragon Ruwa da Furar Inna

Kifi ba ya son gaggawa, ba ya kuma son ludayi. Na koyi wannan a Wurno tun ina amarya, kafin zuwan Nasara, kuma har yau idan na ga mace tana motsa miyar kifi sai in kawar da kai.

Mijina manomin fadama ne. Wansa makiyayi ne a Kwargaba. Wata kaka shanun wan suka cinye mana shinkafa, maganganu suka yi zafi, zumunci ya yanke. Da dattawa suka sa baki, wan ya yarda zai zo. A wurinmu kuwa sulhu bai tabbata ba sai hannu biyu sun shiga akushi ɗaya. In ya tashi bai ci ba, an koma inda aka fito.

Da safe mijina ya kawo kifin nan ragon ruwa daga masuntan gulbin Rima. Na goge santsinsa da toka, na wanke, na zare matsarmama ba tare da ta fashe ba, domin ɗigo ɗaya nata yana sa tukunya ɗaci. Na haɗa ruwan tsamiya da daddawa da albasa da barkono, suka dahu tukuna, sannan na jera gunduwoyin, kan a bisa. Daga nan sai jijjiga tukunya da hannu biyu. Man gyaɗa na zuba, na bar man shanu a rataye da gangan.

Ina kwashe tuwon shinkafa na ji sallamar baƙo a zaure. Sai ga surukata ta fito da ƙwarya cike da fura da nono, tana neman mijina ya kai. Baƙon nan wan mijina ne, ɗanta na fari. Kunya ta hana ta kiran sunansa tun haihuwarsa, ba ta zama inda yake. Furar nan ita ce duk abin da take iya faɗa masa.

Amma kowa a ƙasarmu ya tashi da sanin ba a haɗa kifi da nono a ciki ɗaya, ana cewa yana ɓata fata. Makiyaya sun fi kowa kiyaye wannan. In ya sha, ba zai taɓa akushina ba.

Na durƙusa a gabanta, na riƙe bakin ƙwaryar.

"Mi kike yi haka, ɗiyar nan?"

"Inna, kifi na bisa wuta."

"To, mi ya haɗa ni da kifinki? Mutum ya taho tun Kwargaba, a bar shi da ƙishirwa?"

"In ya sha ta, shina komawa bai ci ba."

Ta dube ni, ta dubi tukunya.

"Ke da anka kawo jiya, har kin fara yi man mulki a gidana?"

Ban ɗaga kai ba, ban kuma saki ba. Can ta sake ƙwaryar, ta shige ɗaki. Na aika ruwan sanyi daga randa, akushi ya bi baya.

Ta cikin zana nake jin su. Wan ya ce, "Gidan Inna yau babu nono? Ko shanuna kaɗai ka da laifi, har nononsu an kora?"

Mijina ya ce, "Yaya, buɗe faifan ka gani."

 Can na ji wan ya ce, "Kan kifin ma bai rabu ba. Matso, ko kana jira in ci rabonka kamar yadda shanuna sunka yi?"

Akushin ya dawo da ƙaya zalla.

Bayan la'asar wan ya tambaya ko Inna ta dama wani abu. Aka ce ta dama, tana nan a rufe. Ya ce shi ba ya barin furar nan, ba ya kuma shan ta bisa kifi, don haka a shimfiɗa masa tabarma ya kwana.

Da gari ya waye Inna ta zubar da ta jiya cikin kaskon kaji, ta dama sabuwa. Ni ta miƙa wa ƙwaryar in aika masa zaure.