Kujerar Gefen Direba

Ina jiran a gyara min mashin a wani gareji a Funtuwa, idona na kan wani dattijo da tsohuwar jar motarsa mai kujera biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Hannuwansa na manomi ne, duk kanta, amma farar rigarsa ta sha guga. Injin yana tari yana karkarwa.

Mai gyaran wutar mota ya zaro wata waya da aka gwaigwaye. "Baba, aikin ɓeraye ne. Ina kake ajiye ta?"

"A sito, tare da buhunan masara. Can ne ruwa ba ya zuba."

Ya ƙi zama a benci. Yana haska wa mai gyaran da tocila, alhali rana tsaka ce. A kujerar gefen direba akwai ɗan filo saƙar hannu, ya koɗe. Ina jin matarsa ce ta saƙa.

Da aka haɗa wayar, injin ya daidaita. Dattijon ya zagaya ya fara buɗe ƙofar wancan gefen, ya tsaya jim. Babu mai shiga. Ya rufe a hankali, kamar yana gudun kada ya datse wa matarsa gefen zani.